Yadda Barau Ya Kulle Kansa Don Tsoron Ɓarayin Holand

Akwai mutanen da ba a ba su sani ba, aka ba su baki. Barau na garin Sterling a jihar Virginia yana cikinsu, kuma ranar rabon da masaki ya je. Aikinsa tuƙa motar da ke kwasar fasinja daga wurin ajiye motoci zuwa ƙofar filin jirgin Dulles, kusa da birnin Washington a Amurka, ya sauke su ya koma ya ɗebo wasu. Da yake yana wuni yana kallon cikin jirage daga ƙasa, sai ya ɗauka duk inda suka nufa shi ma ya je. Turai kuwa sau ɗaya ya taɓa taka ta, ranar da ya baro Kano. Jirginsu ya yada zango a Holand, ya zauna a kujerar filin jirgi rungume da jakarsa, ko ban ɗaki bai shiga ba don kada a tashi a bar shi. Wannan zaman shi yake kira "lokacin da nake Holand".

Gwaggo Lami tsohuwa ce daga Kazaure, tana zaune wurin babban ɗanta Fatihu a garin Germantown, jihar Maryland da ke maƙwabtaka da Virginia. 'Yarta Aliyya tana aure a Holand, ga cikin fari ya tsufa, haihuwa ko yau ko gobe. Gwaggo ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe, ba za a yi wa 'yarta jegon fari a hannun Turawa ba, babu wanka, babu kunun kanwa. Fatihu ya yi ta zirga-zirga har aka samu biza, aka yanki tikiti da ƙyar, don lokacin hutu ne jirage a cike suke. Ya gaya mata gaskiya: in ta rasa wannan jirgin, sai dai ta je bayan suna.

Barau ya tsinci labarin a masallacin Juma'a. Washegari sai ga shi a Germantown, ba wanda ya aika masa. Fatihu ba shi da bakin hana shi, ɗan garinsu ne, ya girme shi, kuma shi ya tarbe shi ranar da ya fara sauka a ƙasar. Barau ya zauna a kujerar mai gida, ya ce ya ji za a jefa tsohuwa cikin Turai ba shiri, shi kuma yana da rai ba zai bari ba. Daga yau har ta hau jirgi, lafiyarta da tsaronta suna wuyansa.

Gwaggo tana kan darduma tana ƙulla yajin jego a leda. Ta dube shi sau ɗaya ta ci gaba da aikinta.

Ya fara da sanyi. Ya ce sanyin Holand bai san bazara ba, yakan shiga ta tafin ƙafa ya fito ta kunne. Ya koma kan ɓarayi, ya ce ɓarawon can yana iya zare wa mutum singileti riga na jikinsa. Ya ce ƙasar duk ruwa ce an yayyafa mata gidaje, taku ɗaya ba daidai ba sai dai a ji labari. Yana cikin wannan Kaneng ta shigo da sallama. Maƙwabciyar su Fatihu ce, 'yar Jos, nas ce, ƙofarta na kallon tasu, kuma ta ɗauki Gwaggo uwa. Ta tsaya ta saurara, sannan ta tambaye shi a wace unguwa ya zauna a can.

Barau ya ce, "Kusa da filin jirgi."

Kaneng ta ce, "Ta waje ko ta ciki, Oga Barau?"

Ya ce shi ba ya jayayya da mutanen asibiti, tun da sai mutum ya faɗi suke sanin amfaninsa. Sai ya sa aka buɗe masa kayan Gwaggo ya bincika. Ya ɗaga ƙunshin kilishin da ta ajiye wa mai jego, ya ce Turai ba a shiga da nama. Fatihu ya ce wannan kam gaskiya ne. Duk cikin maganarsa ita kaɗai ta faɗa daidai, kuma ita ta fi yi wa Gwaggo ciwo, don Barau bai bar kilishin a gidan ba. Ya sa a aljihun babbar riga ya ce zai san yadda zai yi da shi.

Da ya tafi Gwaggo ta ce wa ɗanta, "Kai, wannan mutumin ko akwai mai ɗaure shi?" Fatihu ya ce ta yi haƙuri, 'yan kwanaki ne.

Ana jibi tafiya ya dawo da zancen keke. Ya ce a Holand ba mota ke kashe baƙo ba, keke ne, don ba ya ƙara sai ya iso. Dole Gwaggo ta koyi kaucewa. Ya fito da su wurin ajiye motocin gidan, ya ari keken Fatihu, ya ce ta tsaya a tsakiya, in ta ji ƙararrawa ta yi tsalle hagu. Gwaggo ta ce ita rabonta da tsalle tun kafin a haifi uwarsa, ta jawo kujera ta zauna a inuwa. Barau ya ce to ta zuba ido ta ga yadda haɗarin yake. Ya naɗe babbar riga a kafaɗa, ya hau daga can saman gangara, ya taho yana kaɗa ƙararrawa. Rabonsa da keke tun yana kai niƙa a Kazaure. Rigar ta zame ta shiga sarƙa, keken ya bar hanya, ya bi ta kan furannin wata tsohuwar Baturiya da ke ƙasan bene, ya ƙare a jikin ƙaton kwandon shara.

Baturiyar ta fito da ƙaramin karenta a hammata, su biyun suna magana lokaci guda. Mutane suka leƙo ta taga. Fatihu ya yi ta ba da haƙuri yana tattara tukwanen fure. Barau ya miƙe da ɓawon ayaba a hula, ya kakkaɓe jiki, ya ce alhamdu lillahi darasi ya shiga, da gangan ya yi don Gwaggo ta ga abin da idonta.

Gwaggo ta ce, "Na gani. In na ga mai keke da babbar riga a can zan kauce."

Ranar tafiya jirgin da yamma zai tashi. Barau ya ce shi zai kai ta, motarsa ce mai ɗaukar kaya, kuma hanyar Dulles ko a mafarki ya san ta. Ya zo bayan azahar tare da matarsa Asma, wadda ta shigo kanta a ƙasa kamar mai zuwa gaisuwar mutuwa. Da aka ga mijin aka gane dalili. Watan Agusta ne, rana kamar ta gasa ƙwai a kan kwalta, shi kuwa yana sanye da rigar ƙanƙara irin mai haɗe da wando, tun daga wuya har idon sawu, ja wur. A ƙugunsa ya zagaya sarƙar ɗaure keke, ya matse ta tam, ya datse da kwaɗo kamar na shagon kasuwar Kwari ta Kano. Ta ciki kuma ya cusa wata jaka a kan cibiya, gefen tsofaffin jaridu na leƙowa daga bakinta.

Ya ce wannan shirin Gwaggo ya yi wa. Rigar ta kashe sanyi, jakar ta riƙe fasfo, sarƙar ta hana ɓarawo isa ga jakar. Da can ya so ta saka tun daga gida, amma ya san halin tsofaffi, shi ya sa zai sa a jikinsa har filin jirgi ta ga ba ta da nauyi, a can ya tuɓe ya ba ta. Ya miƙa hannu a ba shi fasfon ya ajiye. Gwaggo ta dafa ƙullin zanenta inda fasfon yake, ta ce ya gode wa Allah da jaridun da ya cusa a jakar, su ma sun ishe shi tsaro.

Sai ya fito da gora daga leda. Ruwa ne baƙi-baƙi, filasko da tsamiya da jar kanwa ya dafa da hannunsa. Ya ce cikin da ya saba da ruwan Amurka, in ya haɗu da ruwan Holand faɗa suke yi, dole a wanke shi kafin a tashi. Kaneng ta shinshina ta ce Mama ba za ta sha wannan ta shiga jirgi ba, sai dai in kujerarta a ban ɗaki take. Barau ya ce wannan maganin kakanni ne, ba ya aiki sai an sauka, don yana da hankali, ba irin ƙwayoyinsu ba.

Gwaggo ta ce, "A garinmu mai magani shi ke fara kurɓa."

Kaneng ta ce, "Bar shi, Mama. Tsoro yake ji."

Abin da ba a faɗa wa Barau ke nan. Ya kafa gorar a baki, bai sauke ba sai da ya ga gindinta. Ya goge baki ya ce ko shayi ya fi wannan ƙarfi. Asma ta ce a hankali, "Baban Sadiyya, ka tuna kilishin da ka ci da safe," ya ce mata mata ba sa shiga harkar tsaro.

Saura ɗaurin kaya. Ya durƙusa kan babban akwatin yana nuna wa Gwaggo inda ake ɓoye abu mai daraja, ya tura hannu can ƙasa, ya fito, ya rufe. Ya naɗe akwatin da ledar naɗe abinci, naɗi a kan naɗi har ya koma kamar gawar Fir'auna, ya bi da igiya ya yi ƙulli iri-iri. Ya ce motar da za ta filin jirgi ba a shiga da kaifi, ya karɓe almakashin Kaneng da rezar Fatihu, har abin yanke farcen Asma, ya zube su a kan tebur. Gwaggo tana ta duban rana ta taga. Ta ce wa Fatihu in wannan mutumin bai tashi ba ita za ta fita ta tari tasi. Da haka aka fito, lokacin da ma'aikatan Washington duka suka taso daga aiki. Gwaggo da Fatihu suka shiga motar Barau, Kaneng da Asma suka biyo su a baya don rakiya.

A kan babbar hanya Barau yana tuƙi yana wa'azi. Kada ta karɓi abin kowa, kada ta ba kowa nata, kada ta yi murmushi ga wanda ba ta sani ba. Gwaggo ta ce wannan na ƙarshen ba sai an koya mata ba. Gumi yana zuba daga haɓarsa yana shiga wuyan rigar. Suna gangarowa gadar kogin Potomac gosulo ya kama, motoci suka tsaya cak, layi-layi har iyakar gani.

A nan maganin mai hankali ya farka.

Gwaggo ce ta fara ji, daga kujerar baya. Wani ƙugi ne kamar ana jan turmi a kan siminti. Wa'azi ya tsaya. Barau ya gyara zama, ya sake gyarawa, ya kama sitiyari da hannu biyu kamar za a ƙwace masa. Fatihu ya tambaye shi lafiya, ya ce lafiya lau, injin ne. Ƙugin ya sake zuwa, wannan karon da 'yan rakiya. Barau ya fara salati ƙasa-ƙasa. Ya danna hon, wanda ke gabansa ya ɗaga masa hannu ta taga, ba hannun gaisuwa ba. Da suka tsallake gadar da jan ciki, ya karkata motar gefen hanya, ya fita a guje ya tsallake ƙarfen shinge ya nufi 'yan bishiyoyi. Kaneng ta faka a bayansu.

Bai jima ba ya dawo, yana tafiya gwiwa na haɗuwa da gwiwa. Ya zuge rigar har ƙugu ta tsaya, sarƙa ta ce nan ne iyaka. Ya laluba aljihun dama, ya laluba na hagu. Ya tambayi Asma makulli, ta ce ita ko taɓa shi bai bari ta yi ba. Ya ce a kawo almakashi a farka rigar.

Kaneng ta ce, "Yana kan tebur a Germantown, Oga. Tsaro."

Fatihu ya kama sarƙar ya ja ƙasa, Barau ya yi ƙara ya ce ya bari, matsi shi ne abin da ba a so yanzu. Masu motocin da ke tsaye a gosulo sun samu abin kallo, wasu har sun ɗaga waya. To ka san ƙasar nan. Mutum da jar rigar ƙanƙara a tsakiyar bazara, sarƙa da kwaɗo a ƙugu, abu ya yi tudu a cikinsa, yana gumi yana salati a kan hanyar filin jirgi, ba a rasa wanda zai buga waya. Sai ga motar ɗan sanda ta biyo gefen hanya da fitila. Ya fito ya tsaya nesa, ya ce kowa ya tsaya inda yake, mai jar riga ya ɗaga hannuwansa sama.

Barau ya ɗaga ɗaya. Ɗayan ya ce ba zai iya ba, yana riƙe da amana.

Fatihu ya yi bayani da Turanci, Kaneng ta ƙara da nata, har da sunan maganin da abin da yake yi wa hanji. Ɗan sandan ya matso a hankali, ya sa aka zaro jakar, ya ga tsofaffin jaridu. Ya dubi Barau tun daga sama har ƙasa, ya juya baya na ɗan lokaci, kafaɗunsa na rawa. Da ya juyo ya tambaya ina makullin.

Sai a lokacin Barau ya tuna. Ɗazu da yake nuna wa Gwaggo inda ake ɓoye abu mai daraja, da makullin ya yi misali. Ya tura shi cikin ledar kanwa, can ƙasan babban akwati, kuma bai fito da shi ba.

Duk suka juya suka dubi akwatin ta gilashin baya, yana ƙyalli cikin ledarsa da igiyoyinsa. Ɗan sandan ya ce yana da wuƙa, ba zai kai ta jikin mutum ba, amma ana iya yanka ledar a zazzage kayan. In ba haka ba sai ya kira 'yan kwana-kwana su zo da abin datse ƙarfe, amma da wannan gosulon sai an jira. Ya kuma ce ga motoci sun fara motsi, masu jirgi in za su tafi su tafi yanzu.

Gwaggo ta buɗe ƙofa ta sauko. Ta dubi rana ta yi ƙasa. A zuci ta hango kayan jegon 'yarta a baje a bakin titi, garin kunu da yaji da ganyen wanka, ɗan sanda yana jujjuya farar kanwa yana tambaya mece ce wannan, jirgi kuma yana wucewa ta saman kansu. Ta ce wa Fatihu, "Kai, sauke akwatunan nan ka sa a motar Kaneng."

Motar Kaneng ƙarama ce, sai da babban akwatin ya hau kujerar da Asma ta zauna. Gwaggo ta dafa kafaɗarta ta ce, "Ke aka ɗaura wa, 'yar nan, ke za ki tsaya. Allah ya ba ki lada."

Barau ya tako a karkace har bakin taga, murya ta koma kamar ta ɗan akuya. "Gwaggo, don girman Allah. Makullin. Ciki ne ke murɗa mini."

Gwaggo ta gyara mayafinta. "Ita ma Aliyya ciki ne ke murɗa mata. Ungozoma ɗaya ba ta karɓar haihuwa biyu, kuma abin da za ta haifa ya fi naka amfani. Ja mota, Kaneng."

Kaneng ta ja. Ta madubi Gwaggo ta ga jar riga ta sake tsallake shinge, ta nufi bishiyoyin da babu abin da za su iya yi mata.

An ce 'yan kwana-kwana sun iso, mota guda da jiniya, maza majiya ƙarfi, amma filasko ya riga su gama aiki. Wanda ya datse kwaɗon da hannu ɗaya ya yi, ɗayan yana kan hanci. Asma ce ta tuƙa motar zuwa Sterling, tagogi duka a sauke, mai gidan yana can baya a kan leda, wurin da ake sa kaya. Kafin Juma'a hoton ya gama zaga wayoyin Hausawa daga Maryland har Virginia, kuma da Barau ya buɗe baki a harabar masallaci zai ce lokacin da yake Holand, sai wani dattijo ya tambaye shi ko wannan karon ya samu ya shiga ban ɗakin.

Gwaggo Lami kuwa ita ce ta ƙarshe da ta shiga jirgi, ana shirin rufe ƙofa. Ta sauka ta tarar da rana tana haske, mutane da 'yan riguna marasa hannu, ba wanda ya zare mata ko tsinke. Aliyya ta sauka lafiya, namiji, kuma uwarta na tsaye a kanta. Da asuba Gwaggo ta ɗora ruwan wanka, ta kwance ledar kanwa za ta dama kunu, makulli ya faɗo. Ta ɗauraye shi, ta buɗe taga, ta jefa shi cikin ruwan da ke bayan gidan, ta koma kan tukunyarta.

Iyakar abin da ya faru ke nan. Wanda ya ga da ƙari a ciki, ya je Sterling ya tambayi Asma.